Aberfoyle: ƙauyen da ya mai da hanyar birji kasuwa

Duk ɗan kasuwar da ke cin kasuwannin ƙauye ya san hanyar birji. Ita ce mai fasa ƙwai cikin kwali, mai cika buhun gari da jar ƙura, mai kwance kusoshin mota tun ba a kai rabin tafiya ba. Shi ya sa in ana zancen ci gaban gari a wajenmu, abin da kowa ke roƙo shi ne a zo a malala kwalta a huta. To, masu karatu, akwai wani ƙauye a ƙasar Sikotilan, can arewacin Birtaniya, wanda ya ɗauki irin wannan hanya ta tsakuwa ya mai da ita hajar sayarwa. Mutane na tasowa daga manyan birane da kekunansu bisa mota, su biya kuɗin masauki da na abinci, don kawai su yini suna tuƙi bisa tsakuwa tsakanin daji da tabki, inda ba su gamuwa da mota. Sunan ƙauyen Aberfoyle, kuma labarinsa ya shafi duk mai neman masu saye.

Garin da jirgi ya bari

Aberfoyle na da tazarar kilomita 40 da ƴan kai a arewa da birnin Gilasgo, kuma mutanensa ba su wuce kimanin dubu ɗaya ba. Yana gindin duwatsu ne, a bakin kogin Forth, a wani yanki mai yawan tabkuna da ake kira Trossachs. Baƙi sun daɗe da sanin wurin. Tun a 1810 wani marubuci mai suna Walter Scott ya wallafa doguwar waƙa a kan Tabkin Katrine da ke kusa, waƙar ta karɓu ƙwarai, masu hali suka riƙa zuwa cikin keken doki don su ga wurin da idonsu.

Amma abin da ya riƙe talakan garin a wancan zamani shi ne haƙar wani falalen dutse da ake yankawa ana rufin ɗaki da shi. A 1882 hanyar jirgin ƙasa ta iso garin, tana kwashe dutsen, tana kawo baƙi. Daga baya al'amura suka juya. A 1951 jirgi ya daina ɗaukar fasinja, cikin waɗannan shekaru na 1950 aka rufe mahaƙar dutsen, a 1959 kuma jirgin kaya ma ya tsaya baki ɗaya. Filin da tashar jirgin take a da, yau wurin ajiye motoci ne. Kowace ƴar kasuwa ta san abin da ke faruwa da mai tuwo-tuwo ranar da aka tashi tasha daga unguwarta. Garin ya koma dogaro da aikin daji da kuma baƙin da ke zuwa cikin manyan motoci, su sauka na ɗan lokaci, su sha shayi, su sayi rigar ulu, su wuce.

Dajin da aka shuka da hannu

Hanyoyin da ake tuƙa keke a kansu yau, ba don keke aka yi su ba. Lokacin yaƙin duniya na farko Birtaniya ta shiga ƙarancin katako mai tsanani, domin yawancinsa daga waje take sayowa, ga shi kuma ana nutsar da jiragen ruwa. Saboda haka a 1919 gwamnati ta kafa hukumar gandun daji, ta shiga sayen filaye tana shuka itatuwa. Tun daga ƙarshen shekarun 1920 aka fara wannan aiki a kewayen Aberfoyle, har tuddan da a da tumaki ke kiwo suka rufe da itatuwan katako masu tsawo. A 1953, shekarar da aka naɗa Sarauniya Elizabeth ta biyu, aka sa ma dajin sunanta, aka buɗe shi ga masu shaƙatawa. Faɗinsa ya kai kimanin hekta 20,000.

Itace in ya girma sai an sare shi an fitar, fitarwa kuma sai da hanya. Hukumar ta shimfiɗa hanyoyi masu faɗi da fasasshen dutse, ta danne su yadda za su ɗauki gingimari cike da gungume. Dabarar ma ta ɗan ƙasar ce. John McAdam, wanda aka haifa a garin Ayr a 1756, shi ya yaɗa shimfiɗa ƙananan duwatsu hawa-hawa, a ɗan tayar da tsakiyar hanya domin ruwan sama ya gangara gefe. An kange bakin yawancin hanyoyin dajin da ƙyauren ƙarfe, motar kowa ba ta shiga sai ta ma'aikata. Haka aka wayi gari da hanyoyi fiye da kilomita 200 a kewayen ƙauye guda, mafi yawan kwanaki ba mai binsu sai barewa da kurege.

A 2002 aka sa yankin cikin gandun ƙasa na farko da Sikotilan ta kafa, wanda ya haɗa Tabkin Lomond da Trossachs, mai faɗin murabba'in kilomita 1,865. Tun 2019 kuma kula da dajin ya koma hannun wata sabuwar hukuma ta gwamnatin Sikotilan.

Keken tsakuwa

Hawan keke a hanyar da ba kwalta tsohon abu ne a Turai, tunda keke ya riga kwalta zuwa. Tayar iska ma don rage jijjiga aka ƙirƙiro ta. John Boyd Dunlop, likitan dabbobi haifaffen Sikotilan, shi ya ɗaura ma keken ɗansa robar da aka hura, ya yi rajistar dabarar a 1888, kuma sunansa ne muke gani a jikin taya har yau. A 1955 wasu ƴan Birtaniya suka kafa ƙungiyar masu bin hanyoyin daji da duwatsu da keke, amma abin ya tsaya tsakanin ƴan tsiraru.

Sabon yayin daga Amurka ya taso. A 2006, a garin Emporia na jihar Kansas, mutum 34 suka yi tseren kilomita 320 bisa hanyoyin gona masu tsakuwa. Tseren ya riƙa girma har ya kai ga tara dubban mahaya, yanzu ana kiransa Unbound Gravel. Kalmar gravel da Ingilishi tana nufin tsakuwa. Kamfanonin ƙera keke suka ga kasuwa ta buɗe, suka fito da keke na musamman don wannan hanya.

In ka gan shi daga nesa sai ka ce keken tsere ne, domin kansa a lanƙwashe yake kamar ƙahon rago. In ka matso sai ka ga bambanci. Faɗin tayar keken tsere na kwalta kan kasance milimita 25 zuwa 30, ta keken tsakuwa kuwa daga 35 zuwa 50, da ƴan haƙora don kama ƙasa. Ba a cika mata iska tam, saboda taya mai ɗan laushi ta fi shanye jijjiga. Da yawa ba su da robar ciki, sai wani ruwa mai danƙo da ake zubawa cikin tayar, in ƙaya ta huda sai ruwan ya toshe kafar da kansa ana cikin tafiya. Birkinsa na faifai ne irin na babur, yana ci ko cikin taɓo. Giyarsa na da sauƙi don hawan tudu, nauyinsa kuma kilo 10 ne ko kusa da haka, ana ɗaga shi da hannu ɗaya. Sai dai farashin ba na wasa ba ne. Mai matsakaicin kyau yakan kai yuro 1,000, watau wajen jika 656 na sefa, na ƴan tsere kuwa yakan ninka haka sau biyar ko fiye.

A 2022 hukumar tseren keke ta duniya ta shirya gasar duniya ta farko a wannan fanni a yankin Veneto na Italiya. Gianni Vermeersch na Beljiyam ya ci ta maza, Pauline Ferrand-Prévot ta Faransa ta ci ta mata. A nahiyarmu ma, tun 2021 aka fara wani tsere na kwana huɗu a dajin Masai Mara na Kenya. Amma mafi yawan masu sayen wannan keke ba ruwansu da gasa. Ma'aikata ne, da ƴan fansho, da iyaye da ƴaƴansu, waɗanda suka gaji da gudun ceton rai tsakanin motoci. A Birtaniya tsoron mota na cikin manyan dalilan da mutane ke bayarwa na ƙin hawa keke, musamman mata.

Hanyoyi uku masu alama

In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Wasu mazauna Aberfoyle masu sha'awar keke suka lura cewa abin da mutanen birni ke nema yana bayan gidajensu. A 2018 suka fara wani biki na ƙarshen mako mai suna Dukes Weekender, inda ake tseren hawan tudun da ke bayan gari, da zagaye cikin daji, da wasan yara. Suka kuma kafa ƙungiyar al'umma mai suna Bike Trossachs, wadda ribarta ke komawa ga aikin gari. Suka laƙaba ma garin sabon suna na talla, Gravelfoyle, watau sun haɗa kalmar tsakuwa da rabin sunan ƙauyen.

Matsalar ita ce dajin na da ruɗarwa. Hanyoyin sun yi kama da juna, itatuwan iri ɗaya ne, wayar salula ba ko'ina take kamawa ba. Baƙon da bai san wuri ba yana iya yini yana zagaye wuri ɗaya. Don haka ƙungiyar ta haɗa kai da hukumar dajin, a 2022 aka buɗe hanyoyi uku masu alama a dajin Tabkin Ard: ta kimanin kilomita 10 don iyali da sababbin shiga, ta kimanin 20 don matsakaita, ta kimanin 30 don masu ƙarfin gwiwa. Ba a fasa sabuwar hanya ba, ba a zuba kwalta ba. Turaku aka kafa a mararraba, da kibiya da launi, aka buga taswira. Abin lura ga ɗan kasuwa shi ne daga cikin garin hanyoyin ke tashi, a cikinsa kuma suke ƙarewa.

Wanda ya bi su zai ratsa gefen Tabkin Ard, mai tsawon kilomita huɗu, wanda ruwansa ke malala ya zama kogin Forth. In ya hau tudu zai hango dutsen Ben Lomond mai tsayin mita 974. A tsakiyar dajin kuma zai ci karo da gadojin dutse da wasu gine-gine masu kama da rijiya. Waɗannan na magudanar ruwan Gilasgo ne. Bayan cutar kwalara ta sha yi ma birnin ɓarna, aka yanke shawarar jawo ruwa mai tsabta daga Tabkin Katrine ta magudana mai tsawon kilomita 40 da wani abu, wadda ta huda duwatsu. Sarauniya Victoria ce ta buɗe ta a watan Oktoban 1859. Ruwan da kansa yake gangarawa ba tare da injin turi ba, kuma har yau birnin na sha daga nan.

Wannan ruwan sha shi ya ba masu keke wata hanyar. Don kare tabkin daga ƙazanta, hanyar da ta bi gefensa na arewa a rufe take ga motocin jama'a, sai na mazauna da ma'aikata. Ita mai kwalta ce, tsawonta kimanin kilomita 21. Akwai tsohon jirgin ruwa mai suna Sir Walter Scott da ya fara aiki bisa tabkin a 1900. Mutane kan shiga jirgi da kekunansu zuwa Stronachlachar, can wajen ɗaya ƙarshen, su dawo da tuƙi. Akwai kuma hanyar keke ta ƙasa mai lamba 7, wadda ta ratsa daji daga Aberfoyle, ta bi gefen Tabkin Venachar, ta ɓulla garin Callander bayan kimanin kilomita 20. Ita ma tsohuwar hanyar jirgin ƙasa an mai da wani sashenta ta ƙafa da keke zuwa ƙauyen Buchlyvie.

Ina ribar take?

Shiga dajin kyauta ne. Ba a sayar da tikiti, ba shinge, ba mai karɓar haraji a bakin hanya. To ina garin ke samu?

Amsar tana cikin bambancin mai mota da mai keke. Mai mota na iya cika bayan motarsa da abinci daga birni, ya zagaye tabkuna uku kafin azahar, ya koma gida bai kashe ko dala ba. Mai keke ba shi da wurin ɗaukar kaya sai ƴar jaka da gorar ruwa. Bisa tsakuwa da tudu, talakan mahayi bai cika wuce kilomita 15 a awa ɗaya ba, ke nan zagayen kilomita 30 zai ci masa awa biyu ko uku. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya: yana fitowa daga daji da yunwa, da sanyi, da taɓo har gwiwa, abin da ya fara gani kuma shi ne babban titin garin da shagunansa. Mai shayi ya samu, mai gidan abinci ta samu, mai burodi ya samu. In sarƙa ta tsinke ko birki ya lalace, mai gyara ya samu. Wanda ya zo ba keke yana karɓar haya a garin ko a bakin Tabkin Katrine, har da keke mai batir don tsofaffi. Tunda kuma kilomita 200 ba ta biyuwa a yini ɗaya, wanda ya ji daɗi sai ya kama ɗaki ya kwana, ko ya dawo wani mako da abokai.

Akwai wata riba ta biyu da duk mai sana'ar da ke bin lokaci zai gane. Baƙin manyan motoci sun fi zuwa a watannin ɗumi, daga Mayu zuwa Satumba. Hanyar fasasshen dutse kuwa tana tsane ruwa, ba ta zama kwatami kamar turbar ƙasa, saboda haka ana hawanta har cikin hunturu. Cinikin watannin da kasuwa ke mutuwa shi ke raba shagon da zai ɗore da wanda zai rufe.

Doka da ƙaya

Duk wannan da bai yiwu ba in ba don wata doka ba. A 2003 majalisar Sikotilan ta zartar da dokar gyaran mallakar ƙasa, wadda sashenta na shiga filaye ya fara aiki a 2005. Ta ba kowa damar ratsa mafi yawan filaye da ruwaye da ƙafa, ko keke, ko doki, ko kwalekwale, ko da filin na wani ne, muddin ba da abu mai inji ba ne, kuma bisa sharaɗin kada a yi ɓarna: kada a tattake shuka, kada a firgita dabbobi, a bar ƙyaure yadda aka same shi, a kwashe shara. A Ingila da ke maƙwabtaka dokar ba ta kai haka sauƙi ba, mai keke sai hanyoyin da aka ware.

Sai dai ba a rasa ƙaya. Dajin wurin aiki ne, ranar da ake sara ana rufe sashen hanya, kuma mahayi na iya kiciɓis da gingimarin katako a kwana, dole ya sauka gefe. Ruwan saman da ke sauka can a shekara ya ninka na Maradi sau uku ko fiye, kogin Forth kuma ya sha cika ya shiga shagunan babban titi. A watannin ɗumi akwai wasu ƙananan ƙwari da ba su kai sauro ba, suna zuwa tuli kamar hayaƙi suna cizo, ga kaska cikin ciyawa mai kawo ciwo. Mai tafiya da ƙafa da kare ko da jariri kuma ba ya son keke ya wuce shi da gudu ba sallama.

Yawan baƙi ma na da nasa nauyi. Sharar masu kwana a bakin tabkuna, da wutar da suke hurawa, da saran ɗanyen itace sun yi yawa, har a 2017 hukumar gandun ta kafa ƙa'idar cewa daga Maris zuwa Satumba ba a kafa tanti a wasu gaɓoɓi sai da izini. Wannan ƙa'ida ta jawo gardama, wasu na ganin an tauye ƴancin da dokar 2003 ta bayar, wasu na cewa in tabkin ya ƙazantu ba wanda zai sake zuwa. Sannan wasan da kekensa ya kai jika 600 ya fi karkata ga masu hali, shi ya sa haya da gajeriyar hanyar iyali ke da muhimmanci ga garin, domin su ke kawo wanda ba zai iya sayen nasa ba.

Abin da ya rage mana

Tsakuwar Aberfoyle da birjinmu ƴan uwan juna ne, amma zamansu ba ɗaya ba. Can akwai kwalta a gefe don ɗaukar kaya da marasa lafiya, tsakuwa ta zama ta shaƙatawa. Nan kuwa hanya ɗaya ce gingimari da amalanke da ɗan kabu-kabu da yaron da ya ɗauro buhun gero a keke ke rabawa, kuma kowa ya san wanda ke faɗawa rami in an haɗu. Don haka roƙon kwalta na nan daram. Mu ma muna da tabki da daji kusa da juna, kamar Tabkin Madarunfa da dajin Baban Rafi a kudancin Maradi, amma baƙo ba ya zuwa yawon buɗe ido sai inda hankalinsa ya kwanta, kuma matsalar tsaro a bakin iyaka ba ɓoyayya ba ce.

Abin da ke ɗaukuwa daga labarin shi ne lissafin da mutanen Aberfoyle suka yi. Sun duba abin da ke hannunsu, sun nemi wanda yake buƙatarsa, sun sauƙaƙa masa hanya da turaku da taswira, sannan suka tabbatar ta ƙofar shagunansu zai shiga, ta nan kuma zai fito. Ku da ke neman rumfa a sabuwar kasuwa ko wurin aza tukunya a bakin hanya, ku lura da inda matafiyi ke rage gudu, inda yake sauka da yunwa, inda zai iya ajiye abin hawansa ba fargaba. In hukumar gari ta kira taro kan inda za a mai da tasha ko inda sabuwar hanya za ta bi, ku je da kanku ku faɗi naku tun kafin a kafa turaku. Allah ya ba da kasuwa.